Zuciyar da ba ta nuna ciwo sai ta gaji

Ka taɓa ganin manomi a Gagarawa da ƙirji ke ɗaure masa in yana huɗa, amma da an auna shi a asibiti sai a ce lafiya lau? Matsalar ta daɗe. A 1953 likita Inge Edler da Hellmuth Hertz suka aro na'urar gano tsagewar ƙarfe daga masana'antar jiragen ruwa a Suwidin, suka ga motsin zuciya da sautin da kunne ba ya ji. Sai dai fa majinyaci na kwance, zuciya na hutawa. A 1979 likitoci a Indiyana ta Amurka suka sa shi tuƙa keke ana dubawa. Sashen zuciyar da jini bai ishe shi ba, sai ga shi ya rage motsi.