Bagega: Yadda Gangamin Intanet Ya Fito Da Kuɗin Da Suka Maƙale A Abuja

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan cutar sanƙarau a Jihar Zamfara suka fara jin labarin wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda ƙananan yara ke mutuwa ba ƙaƙƙautawa. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai ya sume. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, an ba da na sanƙarau, babu wanda ya yi aiki. Sai da aka aika da jinin yaran gwaji ƙasar waje aka gano cewa gubar dalma ce.

Gubar daga cikin gida take fitowa. Farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya bayan 2008, manoman yankin suka ga haƙar ma'adinai ta fi noma kawo kuɗi nan take. Maza su haƙo duwatsu a daji su kawo gida cikin buhuna, a farfasa da guduma, a daka a turmi, ko a kai injin niƙa irin wanda ake niƙa hatsi da shi. Duwatsun wannan yanki kuwa cike suke da dalma. Ƙurar ta lulluɓe tsakar gida, ta sauka a kan tabarma da ƙwaryar abinci, yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a ƙauyukan Dareta da 'Yargalma ya nuna kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 ya rasu a cikin shekara guda. Yaran da suka mutu a yankin baki ɗaya sun haura 400.

Maganin da ke fitar da dalma daga jini yana nan, amma likitoci suka ce ba shi da amfani muddin yaro zai koma ya zauna a kan gurɓatacciyar ƙasa. Dole a fara share gari. Ana kankare saman ƙasar kowane gida da fartanya da shebur, a zuba a buhu, a kai rami na musamman a binne, sannan a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da Cibiyar Blacksmith da ma'aikatar muhalli ta jiha sun yi wannan aiki a ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma kuma take da babban filin niƙa duwatsu, ita aka bari a baya don kuɗin masu agaji sun ƙare. Yara kimanin 1,500 ke zaune cikin haɗari a can, likitoci na kallo ba halin fara magani.

Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 domin sharar gari da kula da lafiya da gyara hanyar haƙar ma'adinai. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja kan matsalar, ministocin lafiya da muhalli da ma'adinai da aka sa ran zuwansu ba su halarta ba. Damina ta zo ta wuce, ko kwabo bai isa Bagega ba. Ni a ganina wannan shiru ya fi komai ciwo a cikin labarin, domin a 2010 ana iya cewa ba a san cutar ba, amma a 2012 an san ta, an san maganinta, har an san nawa aikin zai ci.

A watan Disamba na 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta haɗa kai da wata ƙungiyar matasan Najeriya masu fafutukar kare muhalli, suka buƙaci jama'a su shiga shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan su tambaye shi ina kuɗin Zamfara. Dabarar tana da ma'ana. A wannan shafi ne Jonathan ya bayyana takararsa a 2010, kuma yana alfahari da cewa ta nan yake jin koken talakawa. Masu gangamin suka same shi a zauren da shi da kansa ya buɗe.

A daidai wannan lokaci wasu matasa biyu, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara wani shiri da suka kira Follow The Money, na bin diddigin kuɗin gwamnati tun daga inda aka amince da su har zuwa inda ya kamata a kashe su. Abin da ya bambanta su da masu ihu daga ɗaki shi ne sun taka sun je Bagega. Sun bi hanyar da ta tashi daga Anka, sun gaisa da shugabannin gari, sun zauna da iyaye, sun ɗauki hotuna da muryoyi. Da suka dawo suka saki abin da suka gani ƙarƙashin maudu'in #SaveBagega a Twitter, suna ambaton sunayen masu riƙe da muƙamai ɗaya bayan ɗaya. MSF kuma ta sa wa maganar wa'adi: idan ba a fara aiki a watan Janairun 2013 ba, ruwan sama zai riski masu sharar kafin su gama, a sake asarar shekara. Sanata Bukola Saraki, wanda ke shugabantar kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa, ya je Bagega da kansa a cikin wannan wata. Kafin Janairun 2013 ya ƙare, shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakin kuɗi. Aikin shara ya kankama, a watan Afrilu MSF ta fara yi wa yaran Bagega magani.

Ana yawan ba da wannan labari kamar maudu'i ɗaya ne ya girgiza fadar shugaban ƙasa. Wannan ragi ne ga mutanen da suka yi shekara 3 suna aiki kafin a buga kalma ɗaya a Twitter. Likitoci sun riga sun tara shaidar jini, injiniyoyi sun auna ƙasa gida gida, sarakuna da masu unguwanni sun shawo kan magidanta su fitar da niƙan duwatsu daga tsakar gida, su kuma bar baƙi su shiga cikin gidajen da matan aure suke. Matasan intanet sun tarar da hujja a kammale, suka ɗauke ta suka kai inda ake jin kunya. Buƙatarsu ma guda ɗaya ce tak, mai adadi, mai suna: ga kuɗi kaza, ga wanda zai sa hannu, ga ranar da lokaci zai ƙure. Jami'in gwamnati yana iya amsa kiran "a gyara ƙasa" da jawabi mai daɗi. Tambayar "an saki kuɗin ko ba a saki ba" ba ta da irin wannan mafita.

Sannan ba su watse ba bayan an ce an saki kuɗin. A ƙasar nan sanarwar sakin kuɗi daban take da isarsu hannun lebura mai tura baro. Masu Follow The Money sun ci gaba da tambayar ma'aikatu nawa kowace ta karɓa, suna komawa gari su ga ko aiki na tafiya. Daga wannan shiri ƙungiyar Connected Development ta girma, ta faɗaɗa bin diddigi zuwa kuɗin makarantu da asibitocin karkara.

Akwai ɓangaren da gangamin bai iya motsawa ba, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Mutanen Bagega ba sa kan Twitter a 2013, rediyo suke saurare, don haka wasu ne suka yi magana a madadinsu, da Turanci. Kuma tushen matsalar, wato talaucin da ke tura magidanci rami da rashin koya masa niƙa da ruwa don kashe ƙura, aiki ne na shekaru wanda ba ya ɗaukar hoto mai tayar da hankali. A 2015 irin wannan guba ta ɓulla a Shikira da ke Ƙaramar Hukumar Rafi a Jihar Neja, yara 28 suka mutu, aka sake fitowa da #SaveShikira, aka sake jira har 2016 kafin a share ƙauyen. A Zamfara kuwa 'yan bindiga suka mamaye dazukan da ake haƙar, har gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilu na 2019, abin da ya sa sa ido kan masu haƙar ya ƙara wuya. MSF ta miƙa shirinta ga hukumomin jiha a 2022, bayan ta gwada jinin yara sama da 8,000. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun girma da lahanin da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwarsu, wanda magani ba ya gyarawa.