Hanyar Kewayen Kano da Darasinta ga Dutse

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, ina cikin ma'aikatan da aka dawo da su Dutse daga Kano. Da yawanmu iyali na can, saboda haka kusan duk mako muna kan hanya. A wannan zirga-zirgar na san hanyar kewayen Kano, wadda direbobi ke kira baifas.

Mai fitowa daga Dutse yakan biyo Gaya ko Kwanar Huguma, ya haye gadar Wudil, ya wuce Mariri, ya tarar da reshen gabas a Hotoro. In ya yi hagu, ya faɗa titin Zariya wajen Na'ibawa. In ya yi dama, ya ɓulla titin Haɗeja. Reshen yamma, wanda ya zo daga baya, ya tashi daga titin Zariya, ya yanki titin Madobi da na Gwarzo, ya haɗu da titin Katsina a Dawanau, inda kasuwar hatsi take. Manufar ita ce motar da ta ɗauko kaya daga Maiduguri zuwa Kaduna ko Katsina ta wuce ba tare da ta shiga cikin birni ba.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Babban birnin Amurka, Washinton, yana da nasa zoben mai tsawon mil 64, wanda aka kammala a 1964, ya ratsa jihohi biyu.

Abin lura shi ne, ganuwa takan tsare gari, amma titi janyo shi yake yi. Na san reshen gabas da gonakin dawa a gefensa. Yau gidajen mai, gareji, rumfuna da unguwanni sun rufe shi, har ya zama titin cikin gari.

To, Dutse fa? Tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta Shuwarin, nesa da Garu, tsohon gari. Amma tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, gine-gine ke ta ƙaruwa, filaye na tsada. In ba a shata hanyar kewaye tun ana gonaki ba, gobe sai an rushe gidajen mutane an biya diyya. Tun ran gini, ran zane.