Tantanin da ya fi gashi sirantaka, da akwatin da ya kasa iya masa

A shekarar 1995 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Japan mai suna Stax ya durƙushe, alhali a lokacin ne aikinsa ya kai ƙololuwa. Shekara biyu kafin nan ya fitar da SR-Omega, hedifon ɗin da har gobe masu kunnen sauraro ke sa shi a sahun gaba na waɗanda aka taɓa ƙerawa. A 1994 kuma ya biyo shi da amfilifayar da za ta tuƙa shi, SRM-T2, wata dirkekiyar na'ura mai akwati biyu, ɗaya na wuta ɗaya na sauti, da kwalaben lantarki takwas irin na rediyon da. In ta ɗau zafi sai ka yi tunani kafin ka ɗora mata hannu. Masu bin tarihin kamfanin sukan ce kuɗin da T2 ta lashe na cikin abin da ya karya shi, ga kuma tattalin arzikin Japan da ya shiga halin ni-'yasu a shekarun. Ko ma dai mene ne, abin lura shi ne inda kuɗin ya tafi. Abin da ake ɗorawa a kai an riga an san yadda ake yin sa tun da daɗewa. Akwatin da ke ajiye a kan tebur shi ne ya hana injiniyoyi barci shekara da shekaru.

Kusan duk hedifon da iyafis da muke sawa a kunne, da lasifikar masallaci da ta rediyo, hanyarsu ɗaya: maganaɗisu da naɗin siririyar waya da aka manna a jikin ɗan faifai, in wuta ta ratsa naɗin sai faifan ya motsa. Wannan dabara ta kankama ne da aikin Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a 1925. Ɗaya hanyar kuwa, wadda wannan maƙala ta shafa, babu maganaɗisu a cikinta sam. Tsayayyen lantarki take amfani da shi, wato ƙarfin nan da ɗan makaranta ke gani in ya goga biro a gashin kansa ya ɗauki gutsuren takarda da shi. Ana shimfiɗa wani tantanin roba da kaurinsa bai wuce maikiron ɗaya zuwa biyu ba, a ɗame shi tsakanin faranti biyu masu huji-huji kamar rariya. Gashin kan mutum kan kai maikiron saba'in, to sai ka auna. Ana cika tantanin da wutar dindindin ta ɗaruruwan bolt, sannan a aika sauti zuwa farantan biyu da saɓani: in wannan ya ja, wancan ya tura. Tantanin gaba ɗayansa ke motsawa a lokaci guda, ga shi kusan ba shi da nauyi, saboda haka da an ce ya tashi ya tashi, da an ce ya tsaya ya tsaya cak. Nan ne asirin tsabtar amon da ake yaba wa irin wannan hedifon.

Tunanin tsoho ne, amma sai da kamfanin DuPont ya fito da robar Mylar a farkon shekarun 1950 aka sami tantanin da zai jure. Arthur Janszen a Amurka ya yi lasifikar siririn amo da shi, Peter Walker kuma a Ingila ya fitar da shahararriyar lasifikar Quad a 1957. Wanda ya kai shi kunne shi ne Naotake Hayashi, da ya kafa kamfaninsa a Tokiyo tun 1938 da sunan Showa Ko-On, kafin ya zama Stax. A 1959 ya nuna samfurin farko, a 1960 kuma SR-1 ya shiga kasuwa. Stax bai yarda a kira kayansa hedifon ba ma, lasifikar kunne yake ce musu.

Tun daga ranar farko matsalar ta fito fili. Wayar salula takan ba hedifon na yau da kullum abin da bai wuce bolt ɗaya ba, kuma ya ishe shi ya cika kunne. Shi kuwa mai tantani, a takardar Stax, sai an ba shi bolt 100 kafin ya kai amon desibel 100 ko kusa da haka, ban da wutar dindindin da ake cika tantanin da ita. Babu wata amfilifayar gida da aka ƙera domin irin wannan aiki. Mafita mafi sauƙi da Stax ya daɗe yana sayarwa ita ce ɗan akwatin taransfoma, jerin da ake kira SRD, wanda ake jonawa a bayan amfilifayar lasifika ya ninka ƙarfin wutar. Yana aiki, ga araha, amma taransfoma na da nata hali: takan rage kaifin amon can sama, takan kuma shaƙe in amo mai kauri ya yi mata yawa. Kamfanin Koss na birnin Milwoki a Amurka, a ESP/6 da ya fitar a 1968, cikin kofunan kunnen ya cusa taransfomomin, kuma daga sautin kansa hedifon ɗin ke tatsar wutar dindindin. Dabara ce mai kyau a takarda. A kai kuwa, wuya ne ya ji a jikinsa saboda nauyi.

Babban sauyi ya zo a 1982. Kafin nan Stax na cika tantaninsa da wutar da ba ta wuce bolt 230 ba, har a Lambda na 1979, mai kofuna masu kusurwa huɗu da ya zama tambarin kamfanin. Labarin da ya shahara shi ne injiniyoyin Daimler-Benz na Jamus, da ke nazarin ƙarar cikin mota, sun buƙaci hedifon da zai fitar da ƙugin inji da ƙarfi ba tare da ya shaƙe ba. Sai aka buɗa tazarar da ke tsakanin tantani da faranti daga kimanin milimita 0.3 zuwa 0.5, don ya sami filin lilo, aka kuma ɗaga wutar dindindin zuwa bolt 580 don a cike gurbin ƙarfin da buɗawar ta rage. Wannan shi ne Lambda Pro. Ma'aunin 580 ɗin nan, da fulogi mai haƙora biyar, shi ya zama abin da kusan kowa ke bi yanzu, har kamfanonin da ba ruwansu da Stax. Tsohon ma'aunin, da ake kira Normal, fuloginsa haƙora shida ne, kuma da gangan aka yi hakan: mai shida ba ya shiga soket ɗin Pro, inda wutar za ta iya huda masa tantani, amma mai biyar yana shiga tsohon soket ya yi aiki, sai dai da rauni.

Jamusawa ma ba a bar su a baya ba. A 1991 Sennheiser ya fitar da Orpheus, guda 300 kacal, a kan dalar Amurka dubu goma sha wani abu. Farantansa gilashi ne da aka shafa wa zinariya, amfilifayarsa kuma mai kwalabe ce da sai an murza makulli take tashi, irin na mota. Ba a sayar da shi a matsayin hedifon da za ka je ka nemo masa abokin zama ba. Tare suka zo. Koss ma haka ya yi da ESP/950 a 1990, hedifon da ɗan akwatinsa a jaka guda. Kowannensu kuma da nasa ma'aunin wutar dindindin, Orpheus 500, Koss 600, shi ya sa haɗa na wannan gida da akwatin wancan ba aikin ganin dama ba ne.

Tsofaffin ma'aikatan Stax sun farfaɗo da kamfanin a 1996, a 1998 kuma suka fitar da SR-007, magajin Omega. A nan ne rigimar zaɓen amfilifaya ta kankama sosai, domin sabon Stax bai kuma kuskura ya yi irin T2 ba, ga shi SR-007 mai wuyar sha'ani ne. Da akwatunan kamfanin na lokacin, mutane da yawa sun ji amonsa a dushe, kaurinsa a sake. Wasu suka ɗora wa hedifon ɗin laifi. Wani injiniya a Jami'ar Northwestern ta Amurka, Kevin Gilmore, ya ga laifin na akwati ne, ya shiga zana nasa da'irorin yana sakin su kyauta ga duk mai iya riƙe ƙarfen liƙi. Daga cikinsu akwai KGSS mai taransista, da Blue Hawaii mai kwalaben EL34, wadda kamfanin HeadAmp na Amurka ya mayar kayan kasuwa. Daga baya ma ya sake gina T2 ɗin kanta, da akwatin da zai iya da zafinta.

Hujjarsa na bukatar a tsaya a kanta, don ita ce zuciyar zancen. A wajen amfilifaya, hedifon mai tantani ba abin da ke shan wuta ba ne yadda ƙwan fitila ke sha. Ma'ajiyar caji ce 'yar ƙarama, da ake cikawa a juye, a cika a juye, daidai da bugun sauti. Girmanta, har da wayar, ya kai fikofarad 100 zuwa 120. A amo mai kauri, inda bugun ke da jinkiri, cikawa da juyewar ba su da wahala. Amma yadda amo ke ƙara sirancewa haka kwararar wutar da ake bukata ke ninkuwa: abin da ake nema a bugu 20,000 cikin daƙiƙa ya ninka na bugu 1,000 sau ashirin. Amfilifayar da ke da yawan bolt amma ba ta da kwarara, sai ta gaza a daidai lokacin da aka buga kuge ko makaɗi ya kai wa tsirkiya farmaki, amon ya yi laushin da ba na asali ba, ko ya yi ƙaiƙayi. Shi ya sa lambar bolt da ake bugawa a takardar talla ba ta cika gaya maka gaskiya ba. Stax mai kwalabe SRM-007t ta kai bolt 340, babbarsu T8000 ta 2017 kuma 470; a kunne bambancin wannan da wancan bai kai desibel uku ba. Abin da ke raba su da gaske shi ne yawan wutar da ke tsaye a shirye a matakin ƙarshe na da'irar, da yadda aka gina ɓangaren wutar. Wannan kuwa yana nufin zafi da nauyi da kuɗi, abubuwa ukun da suka addabi T2.

Mahawarar kwalba da taransista, a ganina, an fi ba ta muhimmancin da ya wuce nata. Kwalba ta dace da aikin saboda a ɗaruruwan bolt take rayuwa tun asali, taransistocin da ke jure irin wannan wuta kuwa kaɗan ne, wasu ma masana'antu sun daina yin su tun da talabijin mai ƙeya ya kau. Amma an yi amfilifaya mai kwalba marar kuzari, an kuma yi mai taransista da babu abin cewa a kanta. Tambayar da ta fi amfani ita ce wane hedifon za a tuƙa. Dangin Lambda ba su da fitina, ƙananan akwatunan Stax sun ishe su. SR-009 na 2011 ma bai cika tsananta wa ba. SR-007 ne dai in ba ka shirya kashe wa akwatinsa abin da ya kai kuɗinsa ko ya fi ba, gara ka haƙura da shi.

A Disamban 2011 kamfanin Edifier na Sin ya sayi Stax a kan yen miliyan 120, ya bar ƙira a Saitama ta Japan, inda aka fitar da SR-X9000 a 2021. Sennheiser kuwa, da ya dawo da sabon Orpheus, HE 1, a 2015, sai ya bi ta wata hanya: tunda wayar da ke tsakanin akwati da kunne ita kanta tana cin kaso mai yawa na cajin nan, sai aka ɗauke matakin ƙarshe na amfilifayar aka kai shi cikin kofunan kunne. Sauran, kwalabe takwas da akwatin marmara daga Karara ta Italiya, a kan wajen Yuro 50,000 a lokacin, ba zan ce duka don kunne aka yi su ba. HiFiMan na Sin ya yi nasa, Shangri-La, a irin wannan farashi. Shure ya ƙanƙantar da fasahar ta shiga ramin kunne da KSE1500. Audeze na Amurka ya zo ne ta ƙofar asibiti: na'urar hoton jiki ta MRI ba ta shiri da maganaɗisu, sai aka nemi hedifon da majiyyaci zai sa a cikinta, daga wannan aikin CRBN ya fito a 2021.

Wanda zai kawo irin wannan kaya Kano ko Maraɗi yana da ƙarin abin dubawa da mai saye a Tokiyo bai damu da shi ba. Tantani mai caji yana janyo ƙura, ƙwaya ɗaya kuma in ta sami hanya ta shiga tsakaninsa da faranti sai ka ji tsiwirwiri ko kunne ɗaya ya yi ƙasa. Da hunturu dole a rufe shi da an cire daga kai. Laimar damina ma takan sa cajin ya zurare. Wutar dindindin da ke zuwa kunne ta bi ta wani babban abin tauye wuta, ba ta da haɗari, amma cikin akwatin akwai abin da zai kashe mutum, har bayan an cire shi daga soket, don haka ba kowane mai gyaran rediyo ake miƙa wa ba. Yawancin na hannu da ke yawo da araha kuwa daga kasuwar Japan suka fito, inda wutar gida bolt 100 ce, tamu kuma 220 zuwa 230. Kafin a jona, a juya bayan akwatin a karanta lambar, a ƙirga haƙoran fulogi, a tanadi taransfomar rage wuta da sitabilaiza.