Masu Hura Wuta a Jiragen Yaƙin Kanada, 1939 zuwa 1945

Tarihin Yaƙin Duniya na Biyu da ake koyarwa a makarantunmu ya fi karkata ga shugabanni da janar-janar. Wannan maƙala ta waiwayi wani rukuni da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato masu hura wuta a jiragen yaƙin ruwa na ƙasar Kanada.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a 1939, Ingila ta dogara ne ga abinci da mai da makamai da ake kawo mata ta Tekun Atlantika, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus kuwa suna nutsar da jiragen dakon. Saboda haka aka riƙa haɗa su ayari-ayari daga tashoshi irin su Halifax, jiragen yaƙi suna yi musu rakiya. Kanada ta shiga yaƙin da manyan jiragen yaƙi 6 kacal, don haka ta duƙufa ƙera ƙananan jiragen rakiya masu tsawon kimanin mita 62, waɗanda tururi ke sarrafa injinsu.

A can ƙasan jirgi, ƙarƙashin fuskar ruwa, mai hura wuta yake aiki. Da baƙin mai waɗannan jirage suke amfani, don haka aikinsa shi ne daidaita mai da iska a bakin murhu, da lura da ruwan tukunyar tururi. In ruwa ya yi ƙasa, tukunya ta lalace. In iska ta gaza, baƙin hayaƙi ya tashi ya tona asirin ayari duka. Sa'o'i huɗu yake yi a kowane zagaye cikin zafi da ƙara, kuma idan makamin maƙiya ya sami jirgi, shi ne mafi nisa daga mafita.

Ɗaya daga cikinsu da tarihi ya riƙe sunansa shi ne Arthur Powell na jirgin Oakville. A ƙarshen watan Agusta na 1942, a Tekun Karibiyan, jirgin saman Amurka ya jefa wa jirgin Jamus mai lamba U-94 bama-bamai, sannan Oakville ya banke shi. Powell da wani ƙaramin hafsa, Hal Lawrence, suka yi tsalle suka hau jirgin maƙiyan, suka tilasta wa mutanensa miƙa wuya kafin ya nutse. An ba su duka lambobin yabo.

Abin lura a nan shi ne, an san Powell ne saboda 'yan mintocin da ya yi a sarari. Ba don tururin da abokan aikinsa suka tayar a ƙasa ba, da Oakville bai sami gudun da zai cim ma U-94 ba, amma sunayensu ba su shahara ba. Kanada ta rasa sojojin ruwa kimanin 2,000 a yaƙin. Daga cikin irin waɗannan jirage nata, Sackville ne kaɗai ya rage, yana ajiye a Halifax don tunawa da su.

Bisa ga haka, ya dace masu tsara manhaja su tanadi darussan karatu da za su nuna wa ɗalibi leburori da makanikai da masu dakon kaya na kowane yaƙi, a kuma koya masa tambayar wa ya yi aikin da ba a rubuta ba.