Tiyon Ciyarwa: Yadda Ake Kula da Mai Ciwon Daji a Gida

Ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, idan ya kama baki, ko harshe, ko maƙogwaro, ko hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, yakan hana mutum haɗiya. Da farko tuwo ne zai gagara, daga baya kunu, a ƙarshe har ruwa. Shi ma maganin yana da tasa wahalar. Gashi da na'ura a wuya yakan ɗauki mako 6 zuwa 7, kuma daga mako na 2 ko na 3 baki yakan yi gyambo. Maganin kemo kuma yakan kawo tashin zuciya da rashin son abinci.

Marar lafiyar da ba ya ci ramewa yake yi, wanda ya rame ƙwarai kuwa ba ya iya jure magani har ƙarshe. Saboda haka ne likita ke sa tiyon ciyarwa. Mutane da yawa suna tsoronsa, suna cewa in aka sa wa mutum tiyo to an fid da rai da shi. Ba haka ba ne. Sau da yawa na ɗan lokaci ne, ana cire shi idan haɗiya ta dawo.

A Yamai akwai Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji, wato CNLC. A shekarar 2021 aka buɗe sashen gashi a cibiyar, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Kafin nan sai an fita ƙasar waje ake samun wannan magani. Mai zuwa gashi yakan kwana a gida, don haka yawancin aikin kula da tiyo yana hannun iyali.

Mene ne tiyon ciyarwa?

Siririyar roba ce mai laushi wadda ke kai abinci mai ruwa har cikin tumbi, ba tare da ya bi ta baki ba. Ma'aikatan asibiti suna ce masa "sonde" da Faransanci. Iri biyu aka fi sani:

- Tiyon hanci. Ana zura shi ta hanci, ya bi maƙogwaro ya sauka tumbi. Ana amfani da shi idan bukatar ba za ta wuce mako 4 zuwa 6 ba. Wani irin ana sauya shi bayan kwana 7 zuwa 10, wani kuma yana daɗewa. A tambayi likita ranar sauyawa, a rubuta ta.
- Tiyon ciki. Likita na yin ɗan rami a fatar ciki ya sa shi kai tsaye cikin tumbi. Ana yin wannan idan bukatar ta watanni ce. Hanyar sa shi da na'urar leƙa ciki, ba tare da babbar tiyata ba, wasu likitoci biyu, Gauderer da Ponsky, suka fara ta a Amurka a 1979.

Ma'aikacin lafiya kaɗai ke sa tiyo, shi kaɗai ke sauya shi.

Kayan da za a tanada

Daga kantin magani: babban sirinji mai ɗaukar mililita 50 ko 60, da filasta, da bandeji, da ma'aunin zafin jiki. Daga kasuwa: ƙaramar tukunya mai murfi, da rariya mai ƙananan idanu, da kofi, da cokali, da sabulu. A keɓe su ga marar lafiya shi kaɗai.

A kasuwar Katako ana samun tukwane da hatsi da kayan gini, har da robobi da jarkoki iri iri, sabbi da tsofaffi. A sayi tukunya da gero a can. Amma kada a sayi wata roba don a maye gurbin tiyon asibiti, kuma kada a zuba ruwan marar lafiya a jarkar da ba a san abin da ta taɓa ɗauka ba.

Wane abinci ake zubawa?

Akwai abincin tiyo da ake sayarwa a haɗe, amma yana da tsada. Idan likita ya yarda, ana iya haɗa na gida. Kunu tsululu ba ya isa, domin yana cika ciki ba ya gina jiki. Dole abincin ya ƙunshi abu uku:

- Mai ba da ƙarfi: gero, dawa, shinkafa, dankali, da cokali 1 ko 2 na man gyaɗa a kowane ci.
- Mai gina jiki: madara, dafaffen ƙwai, wake, waken soya, gyaɗa, kifi ko naman da aka dafa ya yi lugub.
- Mai kare jiki: garin zogale, kabewa, karas, gwanda ko ruwan lemo da aka tace.

Garin Misola, wanda ake yi da gero da waken soya da gyaɗa, yana da kyau wajen dama kunun. A dafa komai sosai, a niƙa, a tace da rariya har sau 2. Kaurinsa ya zama yana zuba daga cokali ba ya tsayawa. A bar shi ya huce, a ɗiga a bayan hannu a ji ɗuminsa.

Mai shan kemo garkuwar jikinsa ta yi rauni. Kada a ba shi ɗanyen ƙwai, ko nonon da ba a tafasa madararsa ba, ko furar da aka saya a hanya. Abincin da ya yi awa 2 a waje kada a zuba shi, balle a zafin watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40. A firiji ba ya wuce kwana 1, in kuma wuta ta daɗe da ɗaukewa a dama sabo.

Ruwa ma abinci ne. Mutum mai kilo 60 yana bukatar kusan lita 2 a yini, in an haɗa da ruwan da ke cikin kunu, kuma fiye da haka a lokacin zafi. A tafasa ruwan, a bar shi ya huce a rufe.

Wanda ya yi kwanaki da yawa bai ci ba, ba a cika masa ciki a rana ɗaya. Yin haka yana rikita gishirin da ke cikin jini, har ya taɓa zuciya. Likita ne zai faɗi yawan da za a fara da shi, a riƙa ƙarawa sannu sannu.

Yadda ake ciyarwa

1. A wanke hannu da ruwa da sabulu.
2. A zaunar da marar lafiya. In ba ya iya zama, a tokare bayansa da matasai har ƙirjinsa ya ɗaga sosai. Ba a ciyar da mutum yana kwance.
3. In tiyon hanci ne, a duba alamar da aka yi masa a bakin hanci. In ta gusa, ko tiyon ya naɗe cikin baki, kada a zuba komai. Mai yiwuwa bakinsa ya bar tumbi, abinci ya tafi huhu. A koma asibiti a duba.
4. A zuba ruwa mililita 30 don wanke tiyon.
5. A zuba abinci a hankali. Yawanci mililita 200 zuwa 400 ne, cikin minti 15 zuwa 30, sau 4 zuwa 6 a yini.
6. In ya fara tari, ko shaƙewa, ko amai, a tsaya nan take.
7. A sake zuba ruwa mililita 30, a rufe bakin tiyon.
8. Ya ci gaba da zama na minti 30 zuwa awa 1.
9. A wanke sirinji da kofi da rariya, a bar su su bushe a rufe, nesa da ƙura da ƙuda.

Yana da kyau a sami littafi a riƙa rubuta lokaci da yawan abin da aka zuba. A auna nauyinsa sau 1 a mako. Mai kilo 60 in ya rasa kilo 3 cikin wata 1, a gaya wa likita.

Magunguna

A nemi magani na ruwa in akwai. In ƙwaya ce, a tambayi likita ko ana iya daka ta, domin akwai waɗanda aka yi su don su narke sannu a hankali, dakawa tana ɓata su. Ƙwayar kemo ba a daka ta a gida. A ba da magani ɗaya bayan ɗaya, da ɗan ruwa a tsakani, kuma kada a gauraya shi da kunu. Kada a zuba jiƙo ko garin magani na gargajiya a tiyo: yana toshe shi, yana kuma iya karo da maganin asibiti.

Tsabtar hanci da ramin ciki

A goge hanci kullum, a sauya filasta in ya jiƙe ko ya saki, a ɗan gusa wurin mannawa don kada hanci ya yi gyambo. A lokacin hunturu, ko in za a ratsa kasuwa, a rufe hanci da ƙyalle mai tsabta.

Ramin ciki yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya warke. Ɗan ciwo da ɗan ruwa a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne. A wanke gefensa kullum da tafasasshen ruwan da ya huce, a tsane shi ya bushe. Kada a shafa toka, ko man kaɗanya, ko wani gari. A manne tiyon a jikin ciki don kada tufa ta fizge shi, kuma kada a ɗaure zani ko wando a kansa. Mai aikin ƙarfi, kamar ɗan dako ko mai tura kura, ya dakata da ɗaukar kaya har likita ya ba shi izini.

Kada a manta da baki

Ko ba a ci da baki, sai an tsabtace shi. A zuba ƙaramin cokali 1 na gishiri a lita 1 ta tafasasshen ruwa, a kurkure sau 4 ko fiye a yini, a tofar. A goge haƙora da buroshi mai laushi. A bar taba da goro da yaji. In likita ya ce haɗiya ba ta da haɗari, a ci gaba da kurɓar ɗan abu kullum, domin maƙogwaron da ya daɗe bai yi aiki ba yana sandarewa. In kuwa ya hana, kada tausayi ya sa a ba shi a ɓoye.

In tiyo ya toshe ko ya fita

In ya toshe, a ɗebi ruwan ɗumi a sirinji, a tura a hankali a jawo, a jira minti kaɗan a sake. Kada a zura waya ko tsinke, kada a tura da ƙarfi, kada a zuba lemon kwalba. In bai buɗe ba a tafi asibiti.

In tiyon hanci ya fita, kada a mayar da shi a gida. In na ciki ne, a rufe ramin da bandeji mai tsabta a tafi asibiti nan take, ko da dare ne, domin ramin yana iya rufewa cikin ƴan awoyi. Haɗarin ya fi yawa a watan farko.

Alamomin da ba a jira da su

- Zazzaɓi da ya kai digiri 38, musamman ga mai shan kemo.
- Wahalar numfashi, ko tari mai yawa bayan ciyarwa.
- Ciwon ciki mai tsanani, ko ciki ya kumbura ya yi tauri.
- Jini a tiyo, ko a amai, ko baƙin bayan gida.
- Ramin ciki ya yi ja, ya kumbura, yana fid da ruwa mai wari.
- Amai ko zawo da ya wuce yini 1, ko fitsari ya ragu ƙwarai.

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu ya kai marar lafiya wurin da ake yi masa magani, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ko asibitin da ya fi kusa, tare da takardunsa.

Komawa ci da baki

Gyambon gashi ba ya warkewa ranar da aka gama gashin. Yakan ɗauki makonni, ɗanɗano kuma yakan fi haka daɗewa kafin ya dawo. A fara da ruwa, sai kunu, sai fate, sai tuwo mai laushi da miya mai yauƙi. Ana rage na tiyo gwargwadon yadda na baki ya ƙaru. Likita zai cire tiyon idan marar lafiya yana cin abin da ya ishe shi kuma nauyinsa ya tsaya.

Abincin tiyo yana karya azumi, amma addini ya yi wa marar lafiya sauƙi. A tambayi malami game da ramuwa ko ciyarwa.

A ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aƙalla mutum 2 a gida su koyi wannan aiki a gaban ma'aikacin lafiya kafin a sallamo marar lafiya, don in ɗaya ya tafi kasuwa ɗaya yana nan. Kuma kada a ware shi a ɗaki. Ciwon daji ba ya yaɗuwa ta zama tare ko ta kwano. Lokacin da iyali suka zauna cin abinci, a kawo nasa kunun a ba shi a cikinsu.