Naɗin Alƙalai, Karɓe Dukiya da 'Yancin Jihohi a Tarihin Amurka

Gabatarwa

Alƙalai tara ne a Kotun Ƙolin Amurka. Shugaban ƙasa ke zaɓo su, Majalisar Dattijai ta tabbatar da su, sa'an nan su riƙe muƙami har mutuwa ko murabus. Saboda haka duk sa'ad da kujera ta faɗi sai gardama ta kaure, domin kuwa shugaba kan sauka bayan shekara huɗu ko takwas, amma alƙalin da ya naɗa yana iya yin shekara talatin yana yanke hukunci. Cikin al'amuran da aka fi jayayya a kansu akwai ikon hukuma na karɓe dukiyar mutum, da kuma iyakar 'yancin jihohi a gaban gwamnatin tarayya. Tarihin waɗannan biyu ya nuna cewa kirarin 'yancin jihohi makami ne mai sauya hannu: wanda ya ɗaga shi yau, gobe shi zai ajiye shi in bukatarsa ta juya.

Tushen al'amarin

Gyara na biyar ga tsarin mulkin Amurka, wanda aka tabbatar a 1791, ya hana a karɓi dukiyar mutum don amfanin jama'a ba tare da diyya ta adalci ba. To, amma wa aka hana? Wani mai mashigin jiragen ruwa a Baltimore, ana ce da shi John Barron, ya kai ƙara domin ayyukan hukumar birni sun tara yashi a bakin mashiginsa har manyan jirage suka daina isowa. A 1833 Babban Joji John Marshall ya yanke cewa wannan gyara gwamnatin tarayya kaɗai ya ɗaure, bai shafi jihohi da biranensu ba. Barron ya tashi a tutar babu.

Wanda ya gaji Marshall shi ne Roger Taney, na hannun daman Shugaba Andrew Jackson. A 1834 Majalisar Dattijai ta ƙi amincewa da shi a matsayin ministan kuɗi, amma a 1836, bayan magoya bayan Jackson sun yi rinjaye, ta tabbatar da shi Babban Joji. A zamaninsa ne maganar dukiya ta koma maganar bayi. A shari'ar Dred Scott ta 1857 ya ce bawa dukiya ne, don haka majalisar tarayya ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jihohi ba tukuna. 'Yan Kudu masu bayi, waɗanda suka fi kowa kukan 'yancin jihohi, su ne kuma suka matsa aka kafa dokar tarayya ta 1850 mai tilasta komo da bayin da suka gudu Arewa. Da kotun jihar Wisconsin ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki, Taney ɗin ne ya rushe hukuncinta a 1859. A nan jiha ta nemi 'yancinta, masu kirarin 'yancin suka hana ta.

Bayan yaƙin basasa aka kawo gyara na goma sha huɗu a 1868, wanda ya ɗaure jihohi su ma. Bisa gare shi ne kotun ta yanke a 1897 cewa tilas jiha ko birni ya biya diyya in ya karɓi fili.

Roosevelt da yawan kujeru

Sa'ad da kotun ta yi ta rushe dokokin farfaɗo da tattalin arziki, sai Shugaba Franklin Roosevelt ya nemi a 1937 a ba shi ikon ƙara alƙali ɗaya a kan kowane alƙalin da ya haura shekara 70 bai yi murabus ba, har zuwa mutum shida. 'Yan jam'iyyarsa ma suka juya masa baya, shirin ya mutu a Majalisar Dattijai. Duk da haka, abin da doka ta hana shi lokaci ya ba shi, gama kafin rasuwarsa a 1945 ya naɗa sababbin alƙalai takwas. Ɗaya daga cikinsu, William Douglas, shi ya rubuta hukuncin 1954 da ya yarda a karɓi wani kanti mai lafiya a birnin Washinton, don kawai yana cikin unguwar da za a sake ginawa. Tun daga nan ma'anar amfanin jama'a ta faɗaɗa ƙwarai.

Shari'ar Kelo

Birnin New London na jihar Connecticut ya talauce, sai hukumarsa ta shirya karɓe gidajen wata unguwa ta ba 'yan kasuwa su gina otal da ofisoshi kusa da cibiyar bincike ta kamfanin Pfizer. Susette Kelo da maƙwabtanta suka ƙi sayarwa. Ran 23 ga Yuni, 2005, alƙalai biyar suka goyi bayan birnin, huɗu suka ƙi. John Paul Stevens, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce jiha da birni sun fi kotun tarayya sanin bukatar mutanensu, kuma kowace jiha tana da damar ta tsaurara dokarta. Sandra Day O'Connor kuwa ta yi gargaɗin cewa masu ƙarfi za su ci riba, marasa ƙarfi su yi hasara.

Abin lura shi ne, masu ra'ayin riƙau, waɗanda suka daɗe suna cewa kotun tarayya ta bar jihohi su sha iska, su ne suka fi fusata don ta ƙi tsawata wa jiha. Har ila yau, uku daga cikin alƙalan nan biyar shugabannin jam'iyyar Rifablikan ne suka naɗa su. Kwana takwas bayan hukuncin O'Connor ta ba da sanarwar murabus, Babban Joji William Rehnquist kuma ya rasu cikin Satumba, sai maganar Kelo ta shiga muhawarar cike gurabansu. An tabbatar da John Roberts da ƙuri'a 78 da 22, Samuel Alito kuwa da 58 da 42. Sabuwar kotun ba ta soke hukuncin ba. Jihohi fiye da 40 ne suka gyara dokokinsu don taƙaita irin wannan karɓa. A 2009 Pfizer ya ba da sanarwar barin garin, filin kuma ya yi shekaru yana kufai.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, domin a 1979 ta ɗauki tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, kuma tsarin mulkin 1999 ya sa naɗin alƙalan Kotun Ƙoli ya bi ta Majalisar Dattijai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, ta ba su ikon soke mallaka don amfanin jama'a. Darasin Barron da Kelo shi ne, hukumar da ke kusa da mutum ita ta fi saurin kai hannu ga gidansa, kuma ra'ayin wanda ya naɗa alƙali ba ya lamunce abin da alƙalin zai yanke. Ma'aikacin da aka miƙa wa takardar karɓe fili, shi ne farkon wanda ya kamata ya tambaya: jama'ar da aka ambata su wane ne, kuma an biya mai fili haƙƙinsa?