Tarar Kyamara da Direban Ƙetare: Nazari Daga Iyakar Magaria

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda za a karɓi tarar da kyamarar hanya ta rubuta wa motar da rajistarta ke wata ƙasa, ta ɗauki yankin Dantchiao da ke gundumar Magaria, jihar Damagaram, a matsayin misali. Hujjarta ita ce tarar ta dogara ne ga kundin rajista fiye da na'urar.

Gabatarwa

Kyamara lambar mota take karantawa, sai a nemi sunan mai ita a kundi. A Fabrairun 2025 gwamnatin Legas ta sanar da tarar naira 50,000 kan gudun da ya wuce ƙa'ida da naira 20,000 kan tsallake jar danja, ana aika sanarwar ta wayar mai mota. Wannan yana yiwuwa ne domin lambar waya tana cikin rajista.

Halin da ake ciki a iyaka

Mutanen Magaria da Dungass harkarsu ta kasuwa kudu ta fuskanta: Maigatari ranar Alhamis, Ɓaɓura, Daura, Kano. Motar da ta ɗauko awaki daga Dantchiao da lambar Nijar, in kyamara ta kama ta a Nijeriya, babu kundin da za a buɗe a ga mai ita, domin rajistar hukumar kiyaye haɗurra (FRSC) ta motocin Nijeriya ce.

Ko da an haɗa kundin, akwai sauran rina a kaba. Mota takan wuce hannu uku ko huɗu sunan mai ita na farko yana kan takarda. Cinikin a gaban dillali da shaidu aka ƙulla shi. Mai mota daban, direba daban, wani lokacin ma yaron mota ne a sitiyari. 'Yan kabu-kabu kuwa da yawa ba su da lamba sam, kuma ba sa bin kwalta. Abin da ya rage wa hukuma shi ne shinge, inda za a tsare wanda ke tuƙi yau kan laifin da wani ya yi bara. A ganina wannan ya rusa dalilin sa kyamarar, wato raba direba da jami'in da za su yi ciniki.

Kwatanci

Tarayyar Turai ta bi hanyar musayar bayanai: dokarta mai lamba 2015/413 ta bai wa ƙasa damar neman sunan mai motar ƙetare ta tsarin EUCARIS kan laifuka takwas. A nan Afirka ta Yamma, katin inshorar ECOWAS na 1982 diyyar haɗari ya shafa, bai shafi tara ba, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. Kafar da ta rage ita ce Hukumar Haɗin Gwiwar Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai. Yarjejeniyar da za a ƙulla ta hannunta sai ta fara da tilasta sauya suna a takarda duk lokacin da aka sayar da mota, da ba direba damar ɗaukaka ƙara a Magaria ba sai ya je Kano ba.